Injin Iska Don Tsohuwar Jif

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina aikin allurar shanu a Katsina. Kullum a ofis sai raɗe-raɗin sabuwar gwamnati za ta canza wa mutane wurin aiki. Ban iya zama kan kujera ba, sai na ɗauki tsohuwar jif ɗin ofishinmu na nufi rugage.

Bayan Batagarawa akwai wani rafi mai yashi. In ba ka rage iskar tayoyi ba, nan za ka wuni. In ka rage kuma, babu mai faci sai ka dawo kwalta. Tayoyi biyu na kashe a haka cikin wata guda.

Na je Ƙofar Kaura wurin wani Alhaji mai sayar da kayan mota. Bayan mun gaisa, na ce ina neman abin sa wa taya iska, ya jera mini abu uku a kan benci: famfon ƙafa, da wani ƙaramin inji da ake jona wa batir, da wani babba da ake ɗaure wa cikin bonet.

"Malam, ƙaramin nan taya ɗaya zai cika ya yi zafi," in ji shi. "Babban kuwa sai an huda jikin mota."

"Motar ba tawa ba ce, Alhaji."

"To, ɗauki na ƙafa."

Gwiwata ta dama ba ta da lafiya tun ina saurayi. Na tashi na tafi.

Sau biyar ina komawa. In ɗaga wannan, in ajiye, in juya wancan. Na tambayi direbobin tasha, kowa da nasa. A gida na riƙa zana bonet a bayan takardun allura, har matata ta ce, "Maigida, tuwon nan ya huce. Injin ne ko canjin aikin ke hana ka ci?" Ni kaina ban sani ba.

A zuwa na bakwai Alhaji bai ma tashi ba. "Malam, mi kake jira? Ka je ka nemi izini, ka dawo mu ɗaura."

Shugabanmu ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Shi ma hankalinsa na wani wuri. Aka ɗaura babban.

Ranar farko na tsallake yashin, na tsaya daf da wata ruga na kunna shi. Ƙararsa ta watsa garken gaba ɗaya, maruƙa suka tsinke igiya. Sai da muka kai la'asar muna tattaro su, ban yi wa ko ɗaya allura ba.

Ardon rugar ya zagaya motar, ya danna taya da sandarsa, ya ji ta yi tauri.

"Abin yana aiki," ya ce. "Amma gobe ka kunna shi can bayan tsamiya."

Washegari haka na yi.