Safiyar Da Janar Ya Ce In Juya Mota

Ko da sabulu za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da safiyar wata ashirin da tara ga azumi ba, ina shekara ta shida da tuƙi a kamfaninmu na hayar motoci da ke Springfield, kusa da Washington. Ku sababbin direbobi masu cewa aikinmu buɗe ƙofa ne da rufe ƙofa, ku gyara zama.

Wata cibiyar sasanta rikici da ke Northwest Washington ce ta ɗauki hayar motocinmu. Gwamnatin wata ƙasa can Asiya da 'yan tawaye Musulmi sun daɗe suna gwabzawa, aka samu suka tsagaita wuta, aka kawo wakilansu nan su tattauna. Tsagaita wuta ba sulhu ba ne. Kowa na rungume da bindigarsa, alkawari kawai aka yi ba za a harba ba sai an ga ƙarshen magana. Wanda ya ji harbi kuma, ƙa'ida ta ce ya fara tuntuɓar masu sa ido da ke can kafin ya rama.

Manajarmu, Madam Rifkatu 'yar Jos, ta ba ni ɓangaren gwamnati: Janar guda, da Kanar mai riƙe masa waya. Janar ɗin nan in ya zauna a baya, wallahi sai na ji gaban mota ya ɗaga. Kwana huɗu ina ɗaukarsa, ko tari bai taɓa yi mini ba.

Bakwai na safe na ɗauko su daga otal. Ba mu yi nisa ba wayar Kanar ta yi ƙara. Da Turanci suke maganar aiki, don haka komai a kunnena. Wai harbi ya ɓarke a ƙauyukan 'yan tawaye, ƙauye na karɓa daga ƙauye, sojoji na neman izinin mayar da martani da igwa.

Janar ya ce, "Su shirya. Minti goma, in bai tsaya ba su buɗe wuta. Direba, juya. Filin jirgi."

Idona ya faɗa kan agogon mota. Tsakaninmu da ƙasarsu awa goma sha biyu ne, ke nan can magariba ta wuce kaɗan. Magaribar ashirin da tara! Nan take na tuna garinmu, inda ƙarar bindiga ce ke gaya wa kowa an ga wata.

Dokar kamfani ta hana direba tsoma baki a maganar baƙo, kora ce kai tsaye. Amma bakina ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, ina ganin watan Sallah suka gani."

Ya zuba mini ido ta madubi. "Kai soja ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Mai azumi ne."

"To?"

"A tambayi sojojin abu biyu. Harsashin a kansu yake sauka, ko sama yake tafiya? Kuma me ke fitowa daga lasifikar masallatai?"

Na ce a raina, shi ke nan Sabo, gobe sai wankin mota a garin Manassas. Can Janar ya yi wa Kanar alama da kai. Kanar ya kira sansanin sojojin, ya kira masu sa ido. Ni kuwa lokacin na shiga wani shataletale mai gunki a tsakiya, na rasa ta inda zan fita: filin jirgi ko wurin taro? Sai na ci gaba da zagayawa. Sau uku na zagaya. In kun same ni ranar da na ƙoshi, sau talatin ne.

Kanar ya buɗe muryar waya. Ga harbi nan tas-tas, amma a ƙarƙashinsa kabbara ce ke tashi, ga kiɗa, ga hayaniyar mata. Masu sa ido suka tabbatar ko harsashi ɗaya bai nufi sansani ba. Ashe hafsan da ya kai rahoton sabon zuwa ne, bai taɓa yin Sallah a yankin ba.

Janar ya ce, "Su sauke igwa." Ya leƙa taga. "Direba, wannan gunkin sau nawa za mu wuce shi?"

"Ranka ya daɗe, jira nake a gaya mini inda aka nufa."

"Wurin taro!"

Na taka mota kamar ni aka yi wa Sallar, alhali saura mini awa goma sha biyu da ƙishirwa. Da yamma Kanar ya raɗa mini an ƙara sharaɗi a takardar tsagaita wuta: duk harbin murna, a sanar tukuna.

Madam Rifkatu ta tare ni a gareji. "Malam Sabo, an ce ka ba Janar shawarar yaƙi? Da ka yi kuskure fa?"

Na ce, "Madam, da yanzu sallama muke yi."

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, manyan nan masu sa hannu a takarda, labari a guntule yake iso musu, ga fushi ga gaggawa. Don haka kafin ka ɗauki baƙo, ka san ƙarfe nawa ne a garinsu, ka kuma san wace rana ce a wurin mutanensu.