Takardun Lanhon Kawu

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta shari'ar fadamarmu ta bakin kogin Kwara, wadda aka yi a Bagudo shekarar da Turawa suka sauka daga mulki.

Wani maƙwabci ne ya kai maigidana ƙara gaban alkali, wai fadamar ta ubansa ce, aro aka ba mu. Shinkafar wurin kuwa ita muke ci har shekara ta zagayo. Shaidarmu ɗaya, kawuna, wanda gonarsa ke jingine da tamu tun ba a haife ni ba. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har giginyar iyaka ya ambata. Ni ina waje cikin mata, kunnena a taga.

Sai mai ƙara ya ce, "Allah shi gafarta Malam, tsohon ga mutumin Dahome na. A ce shi kawo takardun harajinai."

Alkali ya ce a kawo su duka, ya haɗa mu da ɗan doka. A wurina suke cikin adudu, don ɗakin kawu yoyo yake yi.

To, mu mutanen iyaka da Dahome kowa ya san yadda ake yi. In ƙidayar haraji ta matso, namiji ya duba inda ya fi sauƙi bana. In can ne, ya taka wurin dangi a rubuta shi, ya biya lanho, wato harajin Faransa, ya dawo ɗakinsa. Shi kansa mai ƙarar tare suke tafiya da kawu.

Ba mai karanta Faransanci a kotun. Muka yi ta zarya, a ce mu dawo, har shuka ta wuce, kafin a samo wani ɗan kasuwar Dole Kaina. Ya karanta: mazaunin can ne.

Alkali ya ce, "Tsoho, ina kake zaune?"

"Nan nike kwana, Malam. Can nika biya."

"To, wa ka yi ma ƙarya, su ko ni?"

Kawu ya hau murza hularsa. Aka rushe shaidarsa. Shaidun mai ƙara ba su taɓa taka fadamar ba, amma harajinsu na nan ne, aka ba shi fadamar. Damanar nan ƙodago maigida ya yi a gonakin mutane, kawu kuma bai sake zama majalisa ba.

Abin da na koya, dabarar da duk gari ke yi ba ta zama laifi sai ranar da aka kira mutum ɗaya ya tsaya, kuma ranar ba mai cewa tare muka yi.