Darasin da Ake Yi wa Kaka

Shekaruna tamanin da biyar a duniya, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara saba'in da aukuwa, tun Nasara na riƙe da ƙasar nan. Wata safiyar Laraba ce a ƙarshen damina aka jera mu a farfajiyar lakwal, wato makarantar boko, ta Maraɗi, mu da muka ci jarrabawa za a tura mu karatu Yamai, kowa ya tuɓe riga domin likita ya duba shi. Da ya iso kaina sai ya tsaya a kan wani tabo fari-fari a damtsena na hagu, ya soka mini tsinin allura, ban ji komai ba. Ya ce in koma gefe. Abokan da muka yi langa da su jiya-jiya suka ja da baya. Kafin azahar unguwa duka ta ji cewa ɗan tafinta ya kamu da kuturta, kuma motar Yamai za ta tashi ba da shi ba.

Mahaifina tafinta ne a ofishin kumandan, Faransanci a bakinsa kamar da shi aka haife shi. Ni kuwa ɗan farinsa ne, kuma a zamaninmu uba na kirki ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya fuskantar sa da magana. Tun da aka yaye ni aka kai ni Tibiri wajen mahaifiyarsa, wadda nake kira Kaka, sai da na isa shiga lakwal na dawo. In yana son a aike ni, sai ya dubi ƙanwata Hadiza ya ce, "A gaya wa yaron can." Da ya nemi malamin da zai riƙa zuwa gida ya koya mini, duk suka ba da uzuri. Bai yi gardama da kowa ba. Ya ajiye aikinsa, ya kwashe mu zuwa garkarmu ta Jiratawa a bakin Gulbi, ya aika aka ɗauko Kaka a kan jaki.

Ga yadda makarantarmu ta kasance. Da hantsi, in na gama ban ruwan albasa da taba tare da maƙwabcinmu Arzika mai jigo, sai a shimfiɗa tabarma uku a gindin tsamiya. Kaka ta zauna tsakiya da mazarinta da abawa, ni a bayanta da allo da alli, mahaifina a gabanta, idonsa a kanta kaɗai. Ita yake karantar wa, tsohuwar da ba ta san ko gaisuwa da Faransanci ba. Ita ya koya wa lissafin kusurwa da fangalin albasa, ita ya zana wa kogunan duniya a kan rairayi, ita ya yi wa bayanin abin da ke sa wata ya yi husufi. In ya gama sai ya ce, "Inna, a tambaya mini ko an gane." Ita kuma ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Kai maigida, ka ji abin da ɗanka ya ce? Amsa masa, ni kaina ya yi zafi." In na yi kuskure, ita ake yi wa faɗa, ta ɗaga hannu ta ce a yi mata afuwa, mijin nata ne daƙiƙi.

Haka muka ci damina uku. Duk mako nakan taka zuwa wani asibiti kudu da gari in karɓo ƙwayoyi, akushina daban, moɗata daban. Tabon ya riƙa dushewa, yatsuna goma suka tsira, har aka yarda in zauna babbar jarrabawa tare da 'yan makaranta, ko da yake daga gida na fito. Wata biyu ya rage, kuma akwai babin lissafi da ba mu taɓa ba, sai Kaka ta kwanta da zazzaɓi. Allah ya yi mata rasuwa, aka kai ta Tibiri.

Bayan an share makoki, kullum da hantsi sai in shimfiɗa tabarmin, in zauna. Mahaifina ya fito da littafi, ya dubi gurbin da ke tsakaninmu, ya juya ya shige gona. An gwada zaunar da Hadiza a madadin Kaka, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Na san in aka ci gaba haka jarrabawar ta wuce ni, kuma ba za a sake buɗe mini wata ƙofa ba. Ba ni da bakin da zan roƙe shi.

Ran wata Asabar sai ya fito, ya naɗe tabarmar Kaka da hannunsa, ya jingine ta jikin tsamiya, ya zauna a tawa. Ya kama damtsena na hagu, wanda tun ranar likita ba wanda ya taɓa shi sai Kaka, ya jawo ni kusa. Ya ce, "Isuhu, ɗauko allonka." Arzika ya saki igiyar jigo, guga ta koma rijiya. Ni kuwa na kasa ganin allon saboda hawaye. Muka gama babin, na zauna jarrabawa, na ci, daga baya na koyar da 'ya'yan mutane har na tsufa. Mahaifina bai sake kiran sunana ba har ya koma ga Allah.

Yanzu jikokina a Sabon Gari sukan hau kafaɗar ubansu, yana kiran sunansu tun safe har dare, ba su ma waiwayowa. Ban ce sun yi laifi ba, zamaninsu ne. Ni dai sau ɗaya aka kira nawa, kuma har yau bai bar kunnena ba. Arzika ya riga mu gidan gaskiya, amma Hadiza na raye, tana tsaye da tulu a ka ran nan, kuma ita ma ta ji.