Randar Goggo a ɗakin bincike

Har yau ban manta da wata Alhamis ta watan Afrilu ba, lokacin ina ɗaliba a zangon koyon aiki a wani ɗakin binciken cututtukan shuka a Jimeta. Ina ƙarƙashin Madam Rifkatu, babbar jami'ar ɗakin, wadda take karatun digirinta na uku a kan naman gwari, wato nau'in funfunar da ke ƙona ganyen shinkafa.

Ga abin da take bi. Kowace ƙwayar halitta tana kwafo gajerun saƙonni daga bayanan gadonta, ta aika inda ake ƙera sinadaran jiki. Saƙon shi ake kira RNA. Wani lokaci yakan fito da kuskure, alamar tsayawa ta faɗo a tsakiyarsa. Naman gwari yana da masu tantancewa da suke gane irin wannan saƙo su farfasa shi kafin ya yi ɓarna. Madam ta yi shekaru kafin ta samar da wani iri da aka cire wa masu tantancewar, don ta ga ko zai iya kama shinkafa. Sauran kwanukan da take rainonsa a ciki sun lalace a hanya daga inda ta yi aikin. Ɗaya ya rage, kuma ba ya jure zafi.

A ranar, wuta ta ɗauke da hantsi, janareta ya yi tari biyu ya mutu. Makaniki ya ce sai an kawo kaya daga Kano. Kowa ya san zafin Yola a Afrilu. Akwatin rainon ya fara ɗumi, ni ina duban ma'auni yana hawa. Firji ma ya mutu, kuma doka ta hana ƙwayar cuta fita daga ginin.

Madam ta zauna ta dafe kai. Can ta ɗago ta ce, "A ƙauyenmu randa ne firji. Wa yana da randa?"

Ni da ko gaisuwa a hankali nake yi, sai na ji bakina ya ce, "Goggona tana da ita a unguwar Bako."

"To me kike jira? Nafisa, gudu!"

Na tari keke-napep har Yola. Goggo, yayar babana, ta saurare ni ta ce, "Randata ba ta zuwa ko'ina ba tare da ni ba." Haka muka dawo, ita a rungume da randar, ni da ƙaramar tukunya da buhun yashi, tana yi wa mai keke faɗa a kowane rami.

Muka sa tukunyar cikin randa, muka cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi. Madam ta liƙe bakin kwanon, ta sa shi a roba mai murfi, ta saukar ciki tare da ma'auni. Muka rufe da jiƙaƙƙen tsumma kusa da taga. Goggo ta leƙa ta ce, "Funfuna ce fa! Ni ina zubar da tuwon da ya yi ta, ku kuna yi mata fifita?"

Madam ta yi dariyar dole. "Goggo, wannan mara lafiya ne. Ba ya iya tsince saƙo mai kyau daga mara kyau."

"Kamar wanda ya dafa shinkafa da tsakuwarta?"

"Haka ɗin."

"To Allah ya ƙara masa," in ji Goggo. "Ba shi ya ƙone mana gonar fadama ba?"

Bayan la'asar na ɗaga tsumman, na karanta ma'aunin sau biyu don kada in yi ƙarya. Ya sauka inda ake so! Na ƙwala ihun da ban san ina da shi ba. Madam ta rungume ni, ta rungume Goggo, har masinja ya shigo yana tambayar wa ya haihu.

Aikina ya zama zuba wa yashin ruwa safe da yamma har aka gyara janareta. Naman gwarin ya rayu, Madam ta raba shi kwanuka da yawa. Da ya yi ƙura, wato ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su, muka fesa wa wasu dashen shinkafa shi, wasu kuma na asali. Bayan kamar mako, ganyen da aka fesa wa na asali ya cika da tabo mai kama da ido. Na ɗayan kuwa kore shar, sai ɗigo nan da can. Madam ta daɗe tana jujjuya ganyen. Ba magani muka samo ba, ta gargaɗe ni. Mun dai ga cewa in cutar ta kasa share gurɓatattun saƙonninta, ƙarfinta yana karyewa.

Ku da kuka zo koyon aiki bana, abin da na ɗauka shi ne, a wannan sana'a rabin bincike raya abin da kake bincike a kai ne, da duk abin da garinku yake da shi. Na kuma koyi buɗe baki da wuri.

Da na mayar da randar, Goggo ta wanke ta da toka, ta shanya, ta shinshina. Sannan ta ce in ɗauke ta in mayar wa Madam, ita ba za ta sha ruwa a ɗakin jinyar funfuna ba. Randar tana nan bayan ƙofar ɗakin binciken har yau, mun mayar mata da yashinta a ciki.