Yuriya a Buhu, a Durom, a Jinin Malam

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Kalma in ta shige shi, ta zauna ke nan. To, kalmar yuriya a bakin Malam mijina na fara jin ta. Manomin barkono ne a fadamar Katuzu, duk shekara sai ya shigo da farin buhun takin nan ya jingine a zaure, ya ce kada ruwa ya taɓa.

Ana nan sai autarmu, da ke karatu a jami'ar nan Gashuwa, ta dasa mana durom a bayan ɗaki. Ruwan kwata take ɗebowa tana zubawa, wai aikin gama makaranta. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce, "Inna, fitsarin da ke cikin ruwan nan yuriya gare shi. In ya gangara kogi a haka, ciyawa ta shaƙe ruwa, kifi ya rasa numfashi." Wai a cikin durom ɗin akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cinye dattin su mai da shi iska. Sai dai sai an hura musu iska da ɗan inji, injin kuma wuta yake sha. Dabararta ita ce a kunna a kashe, yadda faifan sola ɗaya zai isa. In an kuskure lokacin kuwa, ƙwayoyin su saki wata muguwar iska mai ƙara wa duniya zafi. Na ce, "Zafin Gashuwa har ƙari yake nema?"

Da yake ni ba na zuwa ko'ina, ni na zama mai gadin injin. Ina tsintar shinkafa ina sauraren ɓul-ɓul ɗinsa.

Sai ƙafar Malam ta fara kumbura. Abinci ya fita ransa, ga amai. Auta ta kai shi asibiti a Nguru. Da suka dawo ta laɓe a bayan ɗaki tana waya da yayanta, murya ƙasa-ƙasa, rabi da Turanci. Ban gane komai ba sai abu biyu: ƙoda, da yuriya.

Ban san sanda na ja buhun nan na wurgar da shi waje ba. Auta ta riƙe ni. "Inna, ba wannan ba ce. Jikin kowa yana yin tasa, ƙoda ke fitar da ita. Ta Baba ce ta gaza."

Aka fara wankin ƙoda. A wanke shi ya dawo fes, har ya nemi tuwo. Kwana kaɗan ya sake cika. Wani karo layi bai zo kansa da wuri ba, masu ciwon da yawa. Yana kwance, numfashinsa yana zarni, yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu. Na zaga baya don kada ya ga hawayena. Ga durom yana ɓul-ɓul. Ruwan da ya shiga baƙi ƙirin ya kwanta garau.

Na ɗebo a kofi na kai wa Auta. "Ba kin ce suna cinye yuriya ba? Ki ba Babanku. Don girman Allah. Ko a allura ne."

"Inna, kashe shi zai yi."

"To me amfanin karatun? Kin wanke kwata, ubanki ya gagare ki?"

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Sai ga muryar Malam daga ɗaki, ashe ya farfaɗo yana jin mu. "Baiwar Allah, bayan duk zaman nan ruwan kwata za ki shayar da ni? Ai da sai ki cusa ni cikin durom ɗin, ki kunna ki kashe." Ya yi dariya, tari ya tare ta.

Na juye kofin a gindin irin barkonon da ya yafa kafin ya kwanta.

Washegari aka kira mu daga asibiti, layi ya zo kansa. Ni da ban fiye wuce ƙofar gida ba, na shiga mota na riƙe kansa har Nguru. Na tsaya a bakin taga na kasa kunne. Injin da aka jona masa yana wani sauti a hankali, kamar na bayan ɗakinmu.

Har yau muna kan hanyar nan. Barkonon ya yi fure, shi bai iya zagayawa ya gani ba. Ni kuwa kunnena ya rabu biyu, ɗaya a durom, ɗaya a ƙirjin Malam. Na durom in ya tsaya, na san inda ake dannawa.