Bayan Kaset ɗin Hindou

Shekarar da na fita takaba ɗana ya kawo ni Greensboro a Amurka. Wata rana na ɓata a tashar bas ta cikin gari, ga sanyi, ga ba Turanci. Wata yarinya mai ɗankwali ta ce, "Mama, ina za ki?" Ta bar tata bas ɗin ta wuce, ta raka ni har ƙofa. Hindou ke nan, 'yar Maraɗi, tana haya a Glenwood kusa da jami'a.

Ta saba da zuwa wurina cin tuwo. Ba ta da surutu, kuma da farcenta ya ɗan fito sai ta cije shi. A gidansu an san tarihin likitanci take karantawa. Daga baya ta gaya mini wane ɓangare: likitocin Turawan da da suka fara bin mutane suna tambayarsu sirrin shimfiɗarsu, suna aunawa kamar zazzaɓi. Na yi istigfari, na ƙara mata miya.

Turancin littattafan yana ba ta wuya, sai ta riƙa fassara wa kanta da Hausa a rikoda, komai da sunansa, tana saurara a hanya.

Mahaifiyarta ba ta karatu, don haka kaset take aika mata. Mu duka haka muke yi. Kuma mun san kaset daga Amurka ba a jin sa a ɗaka. Tsakar gida ake ajiye shi, uba da maƙwabta su kewaye, in fuska ɗaya ta ƙare a juya.

A azumin 1996 ta shigo mini ba sallama, leɓenta ya bushe. Ta yi gaisuwarta a fuskar farko ta wani kaset, ta ba wani direba, Maazou, da zai tafi gida. Sai da jirginsa ya tashi ta nemi kaset ɗin karatunta ta rasa: ashe shi ne ta aika, karatun yana bayansa. Gidansu ba waya, Maazou ma ba a san inda za a same shi ba. Ta ce mahaifinta in ya ji, karatu ya ƙare, kuma ba mai sake kallonta da mutunci a unguwar.

Ta ciro rikodar ta ajiye a gabana.

"Mama, Baba yana jin maganar manya. Ki gaya masa kin ga sallata, kin ga zamana. Ki ce masa karatu ne. Akwai mai tafiya ranar Asabar."