Bindigar da Aka Buga wa Malam Isiyaku

A watan Disamba na shekarar 2017, wata rana bayan azahar, ina wanke motar kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a Saudiyya, a wani lungu na Al-Jaradiya sai sama ta yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba tun zuwana Riyad. Gilasan gidaje suka girgiza, tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Ban san sanda na saki tiyon ba, na dai tsinci kaina a kife a gindin taya, ruwan sabulu na bin cikin rigata. Hamisu abokin ɗakina, shi ma direba ne, yana tsaye da kofin shayi, ko ɗigo bai zubar ba. "Kai Sale, tashi mana! Da furfurarka kake wa taya sujada? Wallah da kafil ya leƙo da ka sha tambaya." Daga baya muka ji wai makami ne aka tare a sama, can nesa da mu. Na so in taya shi dariya, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ƙara ɗaya ce tak, ko farcena ba ta taɓa ba. A ranar na tuna Malam Isiyaku.

Ina ɗan shekara goma sha wani abu gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare. Makarantu suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. A lokacin kuma ana sallamar sojojin da suka yi yaƙin basasa, sai aka riƙa zaɓar masu ɗan karatu a cikinsu, a kai su kwas na 'yan watanni, a tura su ƙauyuka su koyar. Mu a Rafin Kanya rabonmu ya faɗa kan Kofur Isiyaku. Ya sauka daga motar kasuwa da akwatin ƙarfe da matarsa Ladi da keke mara birki. Siriri ne, ba ya yawan magana, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, sai ya karkata kai idan ana masa zance. Iyayenmu sun yi murna da aka ce soja ne, suna cewa yanzu za mu ci ƙaniyarmu. Mu kuwa muka riƙa zuwa da wando biyu saboda bulala.

Bulalar ba ta zo ba. Makarantar rumfar zana ce a gindin ƙirya, muna zama a ƙasa, allon kuwa marfin tsohuwar ƙofa ne da ya shafe da baƙin gawayi. Kafin mu isa mun riga mun gaji: na yanko wa awaki ciyawa, na ɗebo wa Inna ruwa a rafi, in damina ta yi nisa kuma sai na fara korar tsuntsaye a gonar gero har ƙanena ya karɓe ni. Malam ya san haka. Wanda ya yi gyangyaɗi ba ya dukansa, sai ya ce, "Je ka wanke fuska, ka dawo bakin aiki." Da safe yakan jera mu mu yi hagu-dama ƙafa ba takalmi, ya duba farce da kai, sa'annan mu yi lissafi da ƙwallon goruba. Ya sa kowannenmu ya dasa darbejiya ɗaya ya riƙa ba ta ruwa. Idan an tashi tara muna langa ko ƙwallon tsumma, shi kuma ya zauna bayansa a jikin bishiya, fuskarsa na kallon hanya. Kullum haka yake zama, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Labarin yaƙi ne kaɗai muka roƙe shi har muka gaji, amsarsa ɗaya ce: "Babu abin ji a ciki."

A hannunsa na fara haɗa baƙi. Ranar da na karanta wa Baba rubutun da ke jikin buhun taki, da yamma ya aika ni gidan Malam da zabi biyu. Baba shi ne Sarkin Bakan garinmu, mutum mai ji da kansa, ba ya son makarantar boko tun farko, amma Malam ya shiga ransa. Ya taɓa ce wa Inna, "Wannan baƙon mutumin kirki ne, sai mun fita kunyarsa."

Damar ta zo da Ladi ta haifi ɗa namiji. A garinmu akwai al'ada: idan mutum mai daraja ya sami ɗan fari, ranar suna maharba sukan laɓe a bayan zaure, da an shafa fatiha su buga bindiga. Ba kowa ake yi wa ba, kuma ba a gaya wa mai suna, domin ba-zatan shi ne girman. Ba a taɓa yi wa baƙo ba sai Malam. Ni na riƙe wa Baba ƙahon albarushi yana ɗura wa bindigar toka, yana matsawa da tsumma, har ya ƙara a kan yadda ya saba. Babu wanda ya yi tunanin komai. A ganin dattawanmu, in akwai wanda zai ji daɗin ƙarar bindiga a duniya, ai soja ne.

Da hantsi muka taru a ƙofar gidan, Malam cikin sabuwar babbar riga yana raba goro, rago na ɗaure a turke. Liman ya raɗa suna, aka shafa, sai bindigogin suka tashi. Abin da na gani ke nan: goro ya watse, Malam ya ƙwalla ihu da wata murya da ba tasa ba, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Ya fizgo ni da wani yaro, ya ja mu a ƙasa har gindin rumbu, ya kife a kanmu. Ina jin zuciyarsa na dukan bayana. Yana kiran sunayen mutanen da babu su a garinmu, yana cewa kada su ɗago. Sai da hayaƙi ya lafa sa'annan Malam ya ɗaga mu. Ya miƙe a hankali, rigarsa ta yage daga wuya, fuskarsa duk ƙasa. Wani saurayi ya fara dariya, wasu suka kama. Baba na tsaye da bindiga a hannu, kamar an watsa masa ruwan zafi.

Kafin magariba magana ta gama gari. Mata suka ce iskar mutanen da ya kashe ce take binsa. Maza suka ce ashe ragon soja aka kawo mana. Baba, da kunyar abin ta fi damunsa, ya yanke hukunci a taƙaice: "Mai irin wannan ciwon ba a bar masa yara." Ya cire ni daga makaranta, wasu iyayen suka bi sahu. Yaran da suka rage kuma sai su laɓe bayan zana su fasa busasshen ƙoƙo da dutse, su leƙa su ga ko zai faɗi.

Malam bai yi fushi ba, ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Mu a gona ya same mu muna yankan dawa. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya ce, "Sarkin Baka, na san girmama ni ka yi, kuma na gode. Abin ba iska ba ne, jiki ne bai manta ba. Yaron nan yana da kai, a bar shi ya gama." Baba ya daɗe yana kallon laujensa, na ga alamar ya fara saukowa. Can ya ce, "Ga shi nan, tambaye shi. In yana so ya koma." Malam ya karkato da kunnensa mai ji wajena. Ni kuwa tun ranar suna yara ke ce mini ɗan goyon Malam, suna kwanciya a ƙasa in na zo wucewa. Na sunkuyar da kai na ce ba na so. Bai ji ba, ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka," ya tura kekensa ya bi ta cikin karan dawa. Bayan ƙaramar salla ya nemi canjin wuri. Makarantar ta daɗe a rufe, da aka kawo wani malamin ni na riga na zama yaron mota.

Aji ukun da na yi a hannunsa shi ne duk karatuna. Da shi na yi tuƙi a Zariya da Legas, da shi nake lalubo sunayen tituna a nan, ina neman mai cike mini takarda duk sanda za a sabunta iƙama, katin izinin zama. Yanzu nakan ji a rediyo ana cewa wasu ƙasashe suna mai da tsofaffin sojojinsu malamai, har da likitocin da ke zama da su suna sauraron abin da ke damunsu. Namu an ba shi kwas da alli, aka turo shi cikin mutanen da suka so shi da gaske amma ba su san abin da ya gani ba. Da can ina da ƙafar da za ta kai ni duk garin da aka mai da shi, ban je ba. Yau bayana ciwo yake, hutu sai bayan shekara biyu, waɗanda za su san inda ya koma kuma duk sun rasu.

Hanyar aikina takan bi da ni ta gefen maƙabartar Al-Oud. In na zo wajen nakan rage gudu in yi wa Baba da Inna addu'a, in haɗa da Malam Isiyaku. Ban sani ba ko yana raye, amma ba na tsallake sunansa.